Amsa ga ƙanena na Samaru da ke son shiga kogin dutse da kayak

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, ban amsa da wuri ba ne don ba maganar layi biyu ba ce. Ka ce kai da abokanka biyu kun ga bidiyon Turawa suna gangarowa ta tsakanin duwatsu cikin ɗan jirgin nan kayak, har kun fara haɗa kuɗi za ku yi odar irin na hurawa, kuma kuna so in an yi hutu a watan Agusta ku nufi wajen Kafanchan ko hanyar Jos ku sami rafi mai gangara ku gwada, shi ne kake tambaya wane kogi ya fi kuma me za ku saya.

Toh, dan Allah kar ku je a Agustan nan. Wannan na fara faɗa maka kafin komai. Ba hana ku wasan nake ba, wallahi ni kaina ina son abin nan sosai kuma na daɗe ina burin in ga yaran Zariya sun shiga ciki, amma yadda kuka tsara ɗin nan akwai matsala a jirgin, akwai a watan, akwai kuma a wurin.

Ni aikina auna ruwa ne, yawan da kogi ke ɗauka da saurinsa, shi ya kai ni Yuganda na yi shekara huɗu, a can garin Jinja inda Nilu ke fitowa daga tafkin Biktoriya na koyi kayak, daga baya na bi wasu abokai muka shiga ƙananan kogunan tsaunukan Kenya. Don haka bari in fara maka da lissafin da mu muke yi a wurin aiki, in ka gane shi sauran duk zai zo maka da sauƙi. Ka san tankin roba ɗin nan na lita 1,000 da ake ɗorawa a saman gida? In ya cika, ruwan cikinsa kilo 1,000 ne, tan guda kenan. Rafin da za ka kalla ka ce ai wannan ɗan ƙarami ne, da damina yana iya wuce da irin tankin nan guda 20 a duk sakan ɗaya, ba minti ba fa, sakan. Sannan ƙarfin da ruwa ke dannan abu da shi ba daidai da saurinsa yake tafiya ba, in saurin ya ninka biyu ƙarfin ninkawa huɗu yake, in ya ninka uku ya zama tara. Shi ya sa ruwan da bai wuce gwiwarka ba yake iya kayar da ƙato in yana gudu. Shi kansa jirgin da ake shiga kogin dutse da shi cikinsa na cin lita 300 ko fiye, in ya cika da ruwa ya maƙale a jikin dutse kamar kurar mai ga-ruwa ce cike da jarkoki aka danne ka da ita, sannan kogin na ƙara turawa ta baya.

Asalin kayak na mutanen Inuwit ne na can ƙurewar arewacin duniya, Girinlan da Kanada da Alaska, da fatar dabbar ruwa suke lulluɓe ƙashi ko itace su fita farauta. Bambancinsa da kwale-kwalen masuntanmu shi ne rufe yake, zama kake a ciki ƙafafu a miƙe, gwiwoyi a tokare da jikinsa, akwai wani siket na roba da kake ɗaurawa a ƙugu ka maƙala bakinsa a bakin jirgin don ruwa kar ya shiga, filafilin kuma baki biyu gare shi. Sai wajen 1973 aka fara yin na filastik mai kauri wanda zai daki dutse bai fashe ba, daga nan ne mutane suka sami ƙarfin halin shiga ƙananan kogunan duwatsu. Wanda ake amfani da shi yanzu tsawonsa mita biyu da rabi ne zuwa sama kaɗan, nauyi kilo 20 da ɗoriya. Na hurawan nan mai araha da kuke gani a intanet na tafki ne da bakin teku, lanƙwashewa yake a tsakiya ya naɗe jikin dutse kamar tsumma kai kana ciki. Akwai na hurawa na gaske da aka yi don farin ruwa, wato ruwa mai gudu da kumfa tsakanin duwatsu, amma kuɗinsa ba kusa ba ne, kuma ko shi sai wanda ya koya.

Masu wasan sun kasa koguna aji shida. Aji na 1 ruwa ne mai tafiya da 'yar igiya, na 2 akwai duwatsu amma hanya a bayyane take, na 3 sai ka iya sarrafa jirgi da gaske, na 4 kuskure yana da tsada, na 5 ƙwararru ne kawai kuma ko su da shirin ceto a bakin ruwa, na 6 kuwa shi ne wanda kusan ba a shiga. Amma abin da bidiyo ba ya faɗa maka, wannan ajin ba a jikin kogi yake rubuce kamar lambar mota ba. Kogin da yake aji na 2 a watan Nuwamba yana iya zama na 5 a Agusta bayan ruwan dare ɗaya. Kai ɗan Zariya ne, ka san kogin Kubanni da rani yaro ma tsallake shi yake a wasu wuraren, ka kuma san yadda yake komawa jawur yana ɗauko itace da shara in an kwana ana ruwa. Wannan a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kenan. Yanzu ka ɗauki wannan ruwan ka matse shi cikin kwazazzabo mai gangaren mita 30 ko 40 a kowace kilomita. Kuma a tsauni ba sai an yi ruwa a kanka ba, kana iya kasancewa cikin rana tarwai alhali hadari ya zuba a can sama, kawai sai ka ga ruwa ya canza launi, ganye da ƙirare sun fara wucewa, cikin 'yan mintuna dutsen da ka tsaya a kai ya nutse. In ka ga haka fita ake a hau tudu nan take, ba a tsayawa ɗaure kaya.

Sannan ga nisa. Mu a tsakaninmu in kogi ya yi nisa da titi muna ƙara masa aji ɗaya ne a lissafi. Gocewar kafaɗa tana cikin raunukan da suka fi samun masu kayak, in a Jinja ne mota na jira, awa ɗaya kana gaban likita. In kuwa cikin kwazazzabo ne inda babu netwok, babu hanyar mashin, kafaɗar nan guda ta zama aikin kwana biyu na mutum uku, ga dare ga sanyi ga jiƙaƙƙun kaya. Kar ka ce ai ƙasarmu da zafi, ruwa na zuƙe zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, wanda ya taɓa kwana a Jos ko Mambila da jiƙaƙƙiyar riga ya san me nake nufi.

Abin da ke kashe mutane a kogin dutse yawanci ba manyan igiyoyin nan masu kumfa da ke ba ka tsoro a bidiyo ba ne. Igiya babba sau da yawa wanka kawai za ta yi maka ta wuce da kai. Na farko itace ne. Bishiya ta faɗi ta gitta ruwa, ruwa na wucewa ta tsakanin rassa kamar rariya, kai kuma ba za ka wuce ba, sai ya manna ka a jiki ya yi ta dannawa ƙasa. Kogunanmu da damina cike suke da wannan, ga kuma tarun masunta da igiyoyi da wayar shinge. Na biyu dutsen da ruwa ya rarake ƙarƙashinsa, a sama ka ga ruwa na dukansa lafiya lau ba ya ko tashin kumfa, ashe ta ƙasa yake shigewa, duk abin da ya kawo can zai cusa shi. Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro ga sabon shiga, domin kowa haka jikinsa ke ba shi: ka faɗa ruwa, ka ji ƙafarka ta taɓa ƙasa, sai ka ce bari in miƙe. Ƙafa ta shige tsakanin duwatsu biyu, ruwa ya tura ka ta baya ka kifa da fuska, kuma ba ka da ƙarfin ɗagowa, a ruwan da bai kai ƙirji ba. Don haka in ka faɗa ruwa mai gudu ba a miƙewa, kwanciya ake rigingine, ƙafafu a sama suna kallon inda ruwa ya nufa, sai ka ga wurin da ruwa ya lafa ka juya ka yi iyo da duk ƙarfinka ka shige. Na huɗu ramin ruwa, inda ruwa ya zubo daga kan dutse ko siminti ya nutsa sannan na saman ya dawo baya yana juyawa kamar injin wanki. Mafi muni shi ne na ɗan adam, ƙananan madatsai ɗin nan da gadar kwance da ruwa ke bi ta kai, saboda a miƙe suke daga wannan gaɓa zuwa waccan babu gefen fita, kuma ruwa mai kumfa rabinsa iska ne, ko da laif jaket, rigar nan mai hana nutsewa, ba ya ɗaga ka yadda ya kamata. Tsayin mita ɗaya kacal ya isa. A ido abin wasa ne, ganin kitse ake wa rogo.

Bari in ba ka abin da ya faru a gabana. A Kenya ne, mu huɗu, wani ƙaramin kogi da ke saukowa daga tsauni ta cikin gonakin shayi sannan ya shige daji. Jagoranmu ya taɓa bin sa sau da dama. Muna tafiya yadda ake yi, daga lungu zuwa lungu, wato bayan kowane babban dutse akwai inda ruwa ke lafawa har ya ɗan koma baya, nan ne tasharka, ba ka barin wannan sai ka hango na gaba da idonka ka kuma tabbata za ka iya shiga. Muka zo wata kwana, ruwan ya yi sumul kore shar, daga can sai layi kawai kake gani kamar an yanke kogin da wuƙa, ƙara na tasowa daga ƙasa. Ya ce wurin nan mai sauƙi ne, bara ma ya wuce ba tare da ya tsaya ba, amma duk da haka ya ɗaga filafilinsa a kwance sama da kai, alamar a tsaya, muka fito muka ja jirage kan dutse muka taka da ƙafa muka leƙa. Ƙanena, wani gungume ne kaurinsa ya kai durom, ya gitta daidai inda ruwan ke sauka, rabinsa a nutse, ruwa na shigewa ta ƙarƙashinsa yana wani irin gurnani, akwai wani tsohon buhu da ya maƙale a reshe yana ta karkarwa a ruwan, ban san me ya sa ba har yau buhun nan nake gani in na tuna. Ba wanda ya yi magana. Muka saɓa jirage a kafaɗa, wajen awa biyu muna hawa muna zamewa cikin laka da ƙaya, wani wurin sai da igiya muke miƙa wa juna jirgi, don kawai mu kauce wa abin da bai fi mita 50 ba. Da muka koma ruwa kafaɗata ta sale, amma mu huɗu muka shiga mu huɗu muka fito. Iya ruwa fid da kai, Bahaushe ya riga ya gama maganar tun kafin a ƙera kayak na filastik. A kogin nesa rabin aikin da ƙafa ake yinsa, leƙawa da ɗaukar jirgi, kuma wannan ba a sa shi a bidiyo saboda ba mai son kallo.

Kuma kar ka ɗauka ƙwarewa na hana ƙaddara. Mike Jones, wani likita ɗan Ingila da ya jagoranci saukar kogin Dudh Kosi na gindin tsaunin Eberes a Nefal a 1976, a 1978 ya rasu a kogin Braldu na Fakistan yana ƙoƙarin ceton abokin tafiyarsa. Doug Gordon, wanda ya yi wa Amurka gasa shekaru, ya rasu a kwazazzabon Tsangpo na Tibet a 1998. Hendri Coetzee ɗan Afirka ta Kudu, wanda kowa a Jinja ya san sunansa, kada ne ya fizge shi daga cikin jirginsa a kogin Lukuga na Kwango a Disambar 2010, a ruwa mai kwance ma ba a gangara ba. Shi kuwa Tyler Bradt da ya sauko cikin kayak daga magangarar Palouse a Amurka a 2009, tsayin kusan mita 57, ya fito da ransa, tun yana yaro yake cikin jirgi, kuma akwai mutanensa da ke jira a ƙasa da shirin ceto. Ko a nan gida, a duwatsun Busa ne na kogin Kwara Mungo Park, Baturen nan da ya zo bin kogin, ya rasu a 1806, wurin da dam ɗin Kainji ya shanye tun 1968.

Maganar wane kogi kuwa, gaskiya Allah ya ba mu wurare. Duk ruwan da ke gangarowa daga tudun Jos, shi kansa kogin Kaduna daga can ya taso, ga Matsirga kusa da Kafanchan, ga Assop a hanyar Jos, ga Farin Ruwa a jihar Nasarawa, ga Gurara a jihar Neja, ga kogunan Mambila da Gashaka a Taraba. In na tsaya a irin wuraren nan zuciyata har bugawa take don na san akwai abin yi. Amma waɗanda na lissafa ɗin nan wuraren kallo ne a gare ku, ba na shiga ba. Mai fara bin kogin da ba a san cikinsa ba aikin tim ɗin ƙwararru ne masu shekaru a ruwa, su ma sai sun duba taswira da hoton tauraron ɗan adam sun lissafa gangare, sun taka bakin kogin da rani sun ga duwatsunsa tsirara, sun san ta ina za a fita in abu ya ɓaci. Ga kuma halin tsaro da kai ma ka sani, akwai dazukan da ba a shiga yanzu ko da wane dalili. Ko ina za ka je, gaban mai unguwa ko dagaci ake fara zuwa a yi gaisuwa a faɗi abin da ya kawo ka, sannan a nemi sarkin ruwa ko masuntan wurin, su suka san inda dorina take da inda kada ke shan hantsi da gurbin da ya saba cin mutane. Ni duk kogin da na je aiki, abin da masunci ya faɗa min cikin minti goma ya fi abin da na'ura ta ba ni a wuni.

Akwai kuma ciwo, wanda bidiyon Turai ba zai taɓa nuna maka ba. Ɗan baƙin ƙudan nan da ke kawo makantar kogi a ruwa mai gudu da kumfa yake hayayyafa, wato daidai irin ruwan da kuke nema, don haka riga mai dogon hannu da wando har ƙasa. Ruwa mai kwance kuma, irin na dam da kududdufi, shi ke da tsargiya ta hanyar dodon koɗi, ta fata take shiga ba sai ka sha ba. Duk mai yawan shiga ruwa ya riƙa zuwa asibiti ana duba shi, in ka ga jini a fitsari ko zazzaɓi bayan ka dawo ka faɗa wa likita cewa ka shiga ruwa, kar ka tsaya shan maganin maleriya kawai.

Toh me za ku yi da kuɗin da kuka tara? Ku fara da laif jaket na gaske mai ɗamara, wanda in an kama kafaɗunsa an ja sama ba ya zamewa ya rufe maka kunne, da hular kwano ta ruwa, ba ta 'yan acaɓa ba don waccan nauyi gare ta kuma tana ɗibar ruwa, da usur, da jakar igiyar ceto mai mita 20 irin wadda igiyarta ke yawo a saman ruwa, da 'yar wuƙa a ƙirjin jaket, da takalmi mai kama dutse, ba silifas ba. Igiyar nan jifa ake da ita a riƙe da hannu, ba a taɓa ɗaura ta a ƙugu ko a naɗe ta a hannu, ta kashe masu ceto da yawa ta haka. Usur kuma busa ɗaya a dube ni, busa uku akwai matsala. Jirgi shi ne na ƙarshe, gara ku sami na filastik na hannu guda ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa da ku sayi na hurawa uku.

Sai ku ba ruwa mai kwance rani guda cur. A nemi izini wurin masu kula da dam, ko na jami'a ko na Shika, ko kuma wurin wanka na otal wanda ma ya fi tsabta, da mutum a tsaye a cikin ruwan kusa da kai. Darasin farko kifewa ne da gangan: ka kife, ka natsu, ka buga jikin jirgi sau uku, ka ja hannun siket ɗin, ka turo kanka waje. Sai ka yi shi har ya daina ba ka tsoro. Bayan nan tuƙi a miƙe, don jirgin farin ruwa juyawa yake so ya yi kullum, sai karkata shi da gwiwa, sai kuma juyowa daga kife ba tare da ka fita ba. Wannan ɗin kowa na ɗauka ƙarfin hannu ne, alhali ƙugu ne ke yin aikin, kai kuma shi ne na ƙarshen fitowa daga ruwa, in ka yi saurin ɗago kai don neman iska sai ka koma. Ni sai da na yi sati uku ina shan ruwa, ran da ta zo kuwa ban ma ji na yi wani ƙoƙari ba, kawai na gan ni a zaune ruwa na zuba daga hular ina kallon sama. Daga nan sai ruwa mai tafiya a hankali, irin kogin Galma bayan damina ta ja baya wajen Nuwamba, wurin da kuka taka da ƙafa kuka ga farkonsa da ƙarshensa, nesa da dam da gada, ku koyi shiga lungu da fita da tsallaka ruwa a karkace da jifan igiya. Kuma ba a shiga ƙasa da jirgi uku a kogin gaske, in ɗaya ya samu matsala ɗaya ya tsaya da shi ɗaya ya nemo taimako, a kuma bar wa wani a gida sunan wurin da lokacin da za a fito. Wanda Allah ya hore wa a cikinku, sati biyu a Jinja wurin masu koyarwa zai ba shi abin da shekara biyu ta koyon kai ba za ta ba shi ba, duk da dam ɗin Bujagali da na Isimba sun shanye wasu wuraren, har yanzu akwai ruwa mai kyau, mai zurfi, mai ɗumi, duwatsu kaɗan.

Jirgina yana nan a gida Tudun Wada, da jaket biyu da igiya. In kun shirya bayan damina ku zo mu fara, ba sai kun sayi komai ba tukuna. Amma kafin nan ka faɗa min tsakani da Allah, cikin ku ukun wa zai iya iyon mita 200 ba tsayawa, don wanda bai iya ba da wannan zai fara, kuma ina so in ji cewa iyayenku sun sani. Ka gaida abokan naka.